Yadda Yaro Ke Koyo: Magana da Malaman Firamare da Iyaye na Gaya da Ajingi

(Kiɗan buɗe shiri)

Gaisuwa ta musamman ga malaman firamare da iyayen yara na ƙasar Gaya da Ajingi: mutanen Kademi da Shagogo da Gamarya da Maimakawa, da na Toranke da Balare da Kunkurawa da Gafasa. Yau da ku zan yi. Maganar ita ce yadda yaro ke koyo, da abin da ya kamata malamin aji ɗaya zuwa aji shida ya sani game da yaran da aka damƙa masa amana. Iyaye mata da ke jin mu a tsakar gida, kada ku murɗe rediyo ku ce zancen malamai ne. Akwai rabonku a ciki, mai tsoka ma kuwa.

Duk wanda ya taɓa bi ta bayan tagar aji ya san wannan amon. Malam ya cika allo da rubutu, ya karkaɗe alli daga hannunsa, ya juyo ya ce, "Kun gane?" Aji ya ɗauka baki ɗaya, "Mun gane!" "Akwai mai tambaya?" "Babu!" Sai a goge allo a shiga darasi na gaba. To, a tsayar da yaro guda a bakin ƙofa, shi kaɗai, a miƙa masa layi biyu na Hausa a ce ya karanta. A nan ake jin tsit. Muryar da ta cika ajin ɗazu ta yara biyar ce ko shida na layin gaba, sauran bin baki kawai suke yi.

Abin bai tsaya a garuruwanmu ba. A 2022 Bankin Duniya da UNICEF da UNESCO da wasu abokan aikinsu sun fitar da rahoto cewa a ƙasashe matalauta da masu matsakaicin hali, yara 70 cikin 100 masu shekara 10 ba sa iya karanta ɗan gajeren labari su fahimce shi. A Afirka kudu da Sahara adadin ya kai 89. Da yawa daga cikin waɗannan yara kullum suna aji, an rubuta sunansu a rajista. A watan Yunin 2024 gwamnatin Kano ta ayyana dokar ta-ɓaci a kan ilimi, ana ta maganar gyaran azuzuwa da samar da kujeru da ɗaukar malamai. Duk ana buƙatarsu, ba musu. Sai dai ko an sa wa aji sabon kwano an shafe shi da fenti, karatun yana nan ne a abin da ke gudana tsakanin malam da yaro.

Malamin da ya yi NCE, ko a Kwalejin Sa'adatu Rimi ta Kumbotso ko ta karatun NTI na ƙarshen mako, ya gamu da sunan Jean Piaget. Akan haddace matakansa huɗu na girman tunanin yaro, a juye su a takardar jarrabawa, a baro su can. Mutumin Siwizalan ne, an haife shi a 1896 ya rasu a 1980. Da nazarin dodon koɗi ya fara, daga baya ya koma kallon yara, har da 'ya'yan cikinsa uku. Lokacin da yake aikin gwajin basirar yara a birnin Faris, abin da ya ɗauki hankalinsa amsoshin kuskure ne: ya lura yara sa'annin juna kuskure iri ɗaya suke yi, kuma in ka tambaye su dalili suna da shi. Daga nan ya fahimci cewa yaro yana da tasa hanyar tunani, wadda take sauyawa yayin da yake girma.

Ga gwajin da kowa zai iya yi yau da yamma. A samo murafen kwalba 14, a jera layi biyu, bakwai-bakwai, kowane murfi yana kallon ɗan uwansa. A kira yaro ɗan shekara huɗu ko biyar a tambaye shi, "Wane layi ya fi yawa?" Zai ce daidai suke. To a gabansa, yana kallo, a bubbuɗa layi ɗaya ya yi tsawo, ba a ƙara ba, ba a rage ba. A sake tambaya. Galibi zai nuna dogon layin ya ce shi ya fi. A maimaita da yayansa ɗan shekara takwas, shi dariya ma zai yi, ya ce, "Ai ba ka ƙara komai ba, baje su ka yi." Haka in aka juye kunu daga faffaɗan kofi zuwa siririyar kwalba, ƙaramin zai rantse na kwalba ya fi yawa, har ya yi kuka in aka ba ƙanwarsa. Uwa, ba rigima ce yake nema ba, kuma ba daƙiƙanci ba ne. Idonsa ne ke yanke masa hukunci tukuna.

Piaget ya ce daga haihuwa zuwa wajen shekara biyu, jariri da hannu da baki yake sanin duniya, shi ya sa komai ya samu sai ya kai baki. Daga biyu zuwa bakwai harshe ya buɗe, yarinya na goya 'yar tsana, yaro na tuƙa motar kara, amma abin da ido ya gani shi ke rinjaye. Daga bakwai zuwa sha ɗaya hankali ya fara kama lissafi da dalili, da sharaɗin abin yana gabansa, yana iya taɓa shi ko ya taɓa ganinsa. Sai daga wajen sha ɗaya ko sha biyu ne yake iya juya zance tsagwaronsa a ka, irin na "a ƙaddara kaza ya faru". Malamanmu na fiƙihu ma sun daɗe da sanya shekarun wayo a wajen bakwai, lokacin da ake fara umartar yaro da salla. Abin lura ga malamin firamare shi ne, kusan dukan zaman da yaro zai yi a hannunsa, daga shekara shida zuwa sha biyu, yana cikin wannan zangon na sai-an-taɓa-an-gani. Mu kuma sai mu tarbe shi da alli da allo kaɗai.

Kada a ɗauki waɗannan shekaru tamkar an kafe su da ƙusa. A shekarun 1960 wata Ba'amurkiya, Patricia Greenfield, ta kai irin gwajin juye kunun nan, amma da ruwa, ƙasar Sanagal, wurin yaran Wolof. Yaran ƙauye da ba su shiga makaranta ba da dama sun ce ruwan ya ƙaru, da aka tambaye su dalili sai suka ce ai ita ce ta juye shi, wato suna zaton akwai wata dabara a hannun baƙuwar. Sai ta sauya tsari, ta miƙa musu kofin ta ce su juye da kansu. Nan take masu amsa daidai suka ƙaru sosai. Yaran dai su ne, ruwan shi ne, hannun da ya juye ne kawai ya sauya. Wannan labari ina son kowane malami ya riƙe shi, domin sau da yawa mukan yanke wa yaro hukuncin bai kai ba, alhali hanyar da muka bi muka tambaye shi ce ta toshe shi.

Mu zo gida. Ga yarinya 'yar aji uku tana tallan gyaɗa bayan an tashi daga makaranta. Ƙulli naira 50. Ka ɗauki bakwai ka miƙa mata naira 500. Kafin ka mayar da hannu aljihu ta ce, "Kuɗinka 350, canjinka 150." Gobe da safe malam ya rubuta 500 a sama, 350 a ƙasa, ya ja layi ya ce ta ɗebe. Sai ta tsaya tana cizon biro, ƙarshe ta rubuta 250, saboda ta ga sifili ba ya ɗebe biyar, sai ta juya ta ɗebe sifili daga biyar. Malam ya zabga mata jan biro, ya ce ba ta da kan lissafi. Wadda jiya ta ninka 50 sau bakwai a ka, tana tafe da faranti!

An auna wannan a birnin Recife na ƙasar Birazil. A 1985 wasu masana uku, Terezinha Carraher da David Carraher da Analucia Schliemann, suka buga sakamakon bibiyar yara masu sayar da kwakwa da kayan marmari a bakin titi. A wurin ciniki yaran sun ci kashi 98 cikin 100 na tambayoyin. Da aka ba su lissafin nan dai a takarda, lambobi zalla, sai suka faɗo zuwa kashi 37. Yara biyar ne kacal aka gwada, amma duk wanda ya san kasuwar ƙauye ya san gaskiya suka gano. A nan Kano ma, a shekarun 1970, wata mai bincike, Enid Schildkrout, ta zauna cikin birni tana nazarin aike da tallan yara, ta nuna yadda sana'ar matan kulle ta rataya a wuyansu: su ke kai kaya, su karɓo kuɗi, su riƙe lissafin bashi. Kada a ji ni da kuskure, ba yabon tallan da ke hana yarinya zuwa aji nake yi ba, illarsa mun san ta. Abin da nake cewa shi ne yarinyar nan ba fanko ta zo makaranta ba. Ta zo da lissafi a kanta, aikin malam ya ƙulla shi da na takarda.

Yaya ake ƙullawar? Wani masanin Amurka, Jerome Bruner, ya ce sabon abu ta ƙofa uku yake shiga, kuma a jere: da farko yaro ya yi shi da hannu, sannan ya gan shi a zane, sannan a ba shi alamarsa ta rubutu. Ɗauki 32 a ɗebe 17, inda ake cewa yara "ku aro ɗaya", su kuma ba su san wurin wa ake aron ba, balle ranar biya. A sa su karyo tsinken tsintsiya ko siraran kara, a ɗaure goma-goma da zare. Talatin da biyu ya zama ƙulli uku da tsinke biyu. A ce wa yaro ya ba abokinsa 17. Zai miƙa ƙulli ɗaya, sannan ya duba ya ga tsinke biyu ne a warwatse, ga shi bakwai ake nema. Malam, ka yi shiru a nan, kada ka yi masa gaggawa. Da kansa zai kai hannu ya kwance ƙulli ɗaya, tsinke su zama 12, ya cire bakwai, saura biyar da ƙulli guda, wato 15. Ranar da ya kwance zaren nan da hannunsa, ya san abin da ake nufi da aro. Kashegari a zana ƙullin a allo, jibi a rubuta lambobi. Ba a sayi komai ba, karan dawa kuwa ba ya yanke mana daga kaka har bazara.

Masu sauraro, za mu ɗan numfasa, kada ku yi nisa.

(Gajeren kiɗa)

Barkanmu da dawowa. Ga wanda ya kama mu yanzu, muna magana ne a kan yadda yaran firamare ke koyo.

A shekarar da aka haifi Piaget, 1896, aka haifi wani a daular Rasha, Lev Vygotsky. Shi bai yi tsawon rai ba, tarin fuka ya ɗauke shi a 1934 yana da shekara 37, kuma sai bayan shekaru da dama aka san rubuce-rubucensa a wajen ƙasarsa. A ganina shi ya fi kusa da aikin malamin aji. Ya ce akwai abin da yaro zai iya shi kaɗai, akwai abin da ko an taimake shi ba zai iya ba tukuna, a tsakaninsu kuma akwai abin da zai iya in wani wanda ya fi shi sani ya ɗan kama masa. A wannan tsakiyar koyo yake. Ka ba shi na farko, ka ɓata masa lokaci. Ka ba shi na biyu, ka karya masa zuciya.

Mutanen Gaya ba sa buƙatar dogon bayani a nan. Tarihin baka ya ce wani maƙeri mai suna Kano daga Gaya ya tashi ya je Dala neman tama, kuma har yau ana kiran zuriyar waɗannan maƙera Abagayawa. Ku duba yadda maƙeri ke rainon ɗansa a sana'a. Ba ya miƙa masa masaba ranar farko ya ce ƙera garma. Zuga-zugi zai fara ja, yana kallon launin ƙarfe a wuta. In ya kwana biyu a ba shi awartaki ya riƙe, uban na duka. Daga nan a bar shi ya daki ƙaramin abu, hannun uban na kusa. Wata rana sai ka ga uban ya koma gefe yana hira, yaro na fitar da lauje shi kaɗai. Taimakon yana raguwa ne daidai yadda hannun yaron ke faɗawa, kuma uban bai taɓa tambayarsa ko ya gane ba, abin da ya ƙera yake ɗauka ya jujjuya.

Makarantar allo ma ta riƙe wani abu da boko ta saki. Kowane almajiri da allonsa, kowa da inda ya tsaya. Mai babbaƙu yana babbaƙu, mai farfaru yana farfaru, kuma ba a ce maka ka wanke sai ka zo gaban malam kai kaɗai ka biya. Tsangaya tana da nata matsalolin, wannan zance ne na wata rana, amma a kan wannan gaɓa ta yi daidai. A boko kuwa shekara ce ke tura yaro gaba. Ya shiga aji biyu bai san baƙaƙe ba, ya shiga aji huɗu bai iya haɗa gaɓa ba, malam na bin sikim domin mai duba makarantu zai zo ya ga ko an kai inda aka tsara. Sai a wayi gari yaro yana aji shida ana koya masa rubutun wasiƙa, shi kuwa sunansa ma zana shi yake yi.

An gwada maganin wannan a maƙwabtanmu. Daga 2019 aka fara wani shiri mai suna KaLMA a ƙananan hukumomin Wudil da Dawakin Tofa, haɗin gwiwar hukumar ilimin bai-ɗaya ta Kano, wato SUBEB, da British Council da TaRL Africa, da tallafin gwamnatin Birtaniya. Tushen dabarar daga ƙungiyar Pratham ta Indiya yake. Akan ɗauki 'yan aji huɗu zuwa shida a gwada kowa shi kaɗai: wannan bai san baƙi ba, wannan ya san baƙaƙe, wannan yana karanta kalma, wannan sakin layi, wannan cikakken labari. Sai a ware wani lokaci a rana a raba su bisa inda kowa ya tsaya, ba bisa ajinsa ba, a koya wa kowane rukuni abin da ke gabansa. Wanda ya ƙware a matsar da shi rukuni na gaba ba tare da jiran ƙarshen shekara ba.

Na san abin da wani malami ke faɗa yanzu a ransa: "Malam, kana magana ne kawai. Yara 80 ne a ajina, wasu a ƙasa suke zaune." Gaskiyarka. Manufar ilimi ta ƙasa cewa ta yi malami ɗaya ga yara 35, kuma wannan hakki ne da za mu ci gaba da nema a wurin hukuma. Amma mu yi lissafi. Gwajin yaro ɗaya minti 2 ne. In ka gwada 10 a rana, minti 20 ke nan, cikin kwana 8 ka san inda kowane yaro a ajinka yake. Daga nan waɗanda suka iya karanta labari su zama mataimakanka, kowane ɗaya ya zauna da yara biyar ko shida a gindin bishiya, kai kuma ka tsaya a kan waɗanda ba su san baƙi ba, domin su suka fi buƙatar gwani. Kada uban yaro mai ƙoƙari ya ce an mayar da ɗansa malami an tauye shi. Wanda ya bayyana wa wani abu da bakinsa, shi ya fi kowa riƙe shi.

Sai batun harshe, inda nake da ra'ayi mai ƙarfi. Yaro ya taso daga Dundun ko Chula a ƙasar Ajingi, shekara shida yana tunani da Hausa, yana mafarki da ita, ran farko a aji a tarbe shi da "A for apple". Aiki biyu aka ɗora masa a lokaci guda: ya gano yadda rubutu ke kama sauti, kuma ya yi hakan a harshen da bai taɓa ji ba. Alhali rubutun Hausa na boko mai sauƙin kai ne, yadda aka rubuta haka ake furtawa. Yaron da ya san b da k da wasula biyar, ya iya ba, bi, ka, ki, yau ɗin nan zai haɗa "baki" da "baka" da "kaka", ya ji kalmar da ya sani ta fito daga takarda. Wanda ya gano wannan sirri sau ɗaya ba sai ya sake gano shi a Turanci ba, ɗauka zai yi ya tafi da shi.

An gwada a ƙasar nan, ba a Turai ba. A 1970 Farfesa Aliu Babatunde Fafunwa da abokan aikinsa na Jami'ar Ife suka fara wani gwaji a wata firamare a Modakeke. Rukuni ɗaya aka koya musu kowane darasi da Yarabanci tsawon shekara shida, Turanci kuma darasi ne guda da ake ba shi kulawa sosai. Yaran nan ba su gaza takwarorinsu ba ko a Turancin, a darussa da dama ma sun wuce su. Manufar ilimi ta 1977 ta ce a fara koyar da yaro da harshen uwa ko na yankin da yake. Uban da ke cewa "ni Turanci na kawo shi ya koya" yana da hujja, domin da Turanci ake jarrabawa, da shi ake neman aiki. Amsar da zan ba shi ita ce hanyar Turancin ta cikin Hausar ta bi. Kuma malam, ka tuna da ɗan rugar da ke ƙarshen benci, wanda Fulatanci ake yi a gidansu. Shirunsa ba rashin kai ba ne. Zaunar da shi kusa da yaron da ke jin harsunan biyu.

To bulala fa? Na san an ce icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi, amma mai tanƙwara ya san inda zai tsaya kada ya ɓalle. Ibn Khaldun, malamin nan haifaffen Tunis da ya rasu a Alƙahira a 1406, ya keɓe fasali a littafinsa Muƙaddima a kan cewa tsanani yana cutar da ɗalibai, musamman ƙanana. A taƙaice ya nuna cewa yaron da aka rena da duka yakan zama malalaci, ya koyi ƙarya da ɓoye abin da ke ransa don gudun hannu. A wani fasalin ya ce a ba da ilimi kaɗan-kaɗan, a zagayo kansa sau uku, kowane zagaye ya fi na baya zurfi. Ku duba aji ku gani. In kowane kuskure dorina ce ladansa, wa zai ɗaga hannu ya ce bai fahimta ba? Ɓoyewa zai yi a cikin amon jama'a, malam kuma ya rasa abu mafi amfani gare shi, wato kuskuren yaro, wanda shi ke nuna masa inda tunanin ya karkace. Yarinyar da ta rubuta 250 ɗazu, in da an ce mata "nuna mini yadda kika yi", cikin minti ɗaya za a gano ciwon. Rashin kunya da cin zalin ƙanana suna da nasu horon. Rashin ganewa kuwa ba laifi ba ne. Yabo ma a san yadda ake yin sa: "ka yi ƙoƙari" ba ta kai "na ga yadda ka kwance ƙullin nan da kanka" ba, domin ta biyun ta gaya wa yaro abin da zai maimaita.

Kada kuma wani ya ce na soke hadda. Jadawalin sau, da sautin baƙaƙe, dole su zauna daram a ka, yadda yaro ba zai tsaya laluben bakwai sau takwas ba alhali ana tsakiyar wani lissafin. Wani Bajamushe, Hermann Ebbinghaus, ya nuna tun 1885 cewa yawancin mantuwa a farko-farkon lokaci take aukuwa, kuma maimaici da aka rarraba a kwanaki ya fi wanda aka tara a zama ɗaya. Mahaddatanmu da ke tashi tilawa da asuba sun riga shi aiki da wannan. Minti biyar a farkon kowane darasi, a tambayi na jiya da na makon jiya, littafi a rufe, kuma a kira suna ɗaya-ɗaya.

Kafin a ce yaro ba ya ja, a duba jikinsa. Binciken lafiya na ƙasa na 2018 ya nuna yara 37 cikin 100 'yan ƙasa da shekara biyar a Nijeriya sun tsumbure saboda ƙarancin abinci mai gina jiki, a Arewa maso Yamma kuwa sun haura rabi. Wanda ya fito ba ko kunu a cikinsa, ƙarfe goma hankalinsa ya bar aji. Wani kuma allon ne ba ya gani daga baya, wani kunnensa ke zubar da ruwa, ana ta ce masa mai taurin kai. Matso da shi gaba ka ga ko zai sauya, in bai sauya ba a shaida wa iyayensa su kai shi asibiti.

Iyaye, na ce akwai rabonku. Ko ba ki taɓa shiga aji ba, Inna, tatsuniyar da kike yi wa yara da dare karatu ce: a nan suke koyon bin labari daga farko zuwa ƙarshe, da kalmomin da za su tarar a littafi. In kin kai tsakiya ki tsaya ki ce, "To me kuke jin Gizo zai yi?" Ki bar su su yi gardama. In kina awon hatsi, bar ƙaramin ya ƙirga gwangwani. Baba, in damina ta faɗi, a daidaita aikin gona da lokacin makaranta, domin yaron da ya yi wata biyu ba ya zuwa, in ya dawo ya tarar an yi nisa, sau da yawa daga nan yake sallamawa.

Roƙona ga shugabannin makarantu da 'yan kwamitin kula da makarantu, wato SBMC, na Gaya da Ajingi shi ne, kafin wannan zango ya ƙare, kowane malamin aji ya riƙe takarda ɗaya mai sunayen yaransa, a gaban kowane suna an rubuta inda ya tsaya a karatu da lissafi, bayan an gwada shi shi kaɗai. Ku kuma iyaye, yau bayan sallar isha'i ku kira ɗanku ko 'yarku, ku buɗe littafin Hausa a shafin da ba a yi musu a aji ba, ku ce su karanta muku layi uku. In ba ku iya karatun boko ba, ku kira maƙwabci ya saurara. Abin da kuka ji, ku je makaranta da shi ranar Litinin, cikin mutunci, ku zauna da malam.

Lokaci ya cim mana. Sai mako mai zuwa a daidai wannan lokaci, in Allah ya kai mu.

(Kiɗan rufe shiri)